Motar da Za Ta Ɗauki Kowa

Mu 11 ne a gidanmu a nan Sakkwato, har da Kaka da marayu biyu na kawunmu. Shekara uku muna adashi don sayen motarmu ta farko, wadda za ta riƙa kai mu Zuru lokacin Kirsimeti.

Mu matasa Sienna muke so. Ga kyau, ga sanyi a ciki, kuma kun san zafin Sakkwato. Amma ba ta wuce mutum 8. Tsohuwar Hiace kuwa ba fasali, sai dai kowa zai zauna, buhun gero ma ya shiga, kuma in ta tsaya a Jega ko Koko, ba a rasa makaniken da ya san cikinta.

Ba wanda ya faɗa, amma duk mun san ukun da Sienna za ta bari a gida. A sujadar safe Baba ya karanta mana Farawa 33, inda Yakubu ya ƙi bin saurin Isuwa, ya zaɓi tafiya a hankali saboda ƙananan yara. Bai ƙara komai ba.

Ranar Asabar za mu je duba Hiace ɗin. Ku sa mu cikin addu'a, kuɗin bai cika ba tukuna.