Ɗan'uwa Rabin Jiki

Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. A da karin magana ce kawai, amma ilimin likita ya kai inda maganar ta tabbata a fili. Allah Ya halicci mutum da ƙoda biyu, aikinsu tace jini su fid da dattinsa cikin fitsari. Guda ɗaya mai lafiya tana iya riƙe mutum, saboda haka mai rai yana iya ba ɗan'uwansa ɗaya, ya zauna da ɗaya.

An fara cin nasarar wannan aiki a birnin Boston na Amurka cikin 1954, sa'ad da Likita Joseph Murray ya dasa wa wani saurayi ƙodar abokin tagwaicinsa. Wanda ya bayar ya rayu har 2010. A Nijeriya an fara dashen a Legas cikin 2000, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuwa cikin 2002.

To, ga dattijo ya haura shekara 60, ƙodojin ɗansa sun gaza. Kowane mako sai an ɗora yaron a kan na'urar wankin ƙoda, har an sayar da gona. Dattijon ya kan kwana yana saƙe-saƙe, yana cewa, "Ni na ci zamanina, shi kuwa ga 'ya'ya ƙanana. Amma ƙodar tsoho za ta amfane shi? In na bayar na kwanta, wa zai yi jiyyar wa?"

Amsar wannan tana wurin awo. Gaskiya ne ƙarfin ƙoda yana raguwa da tsufa, kuma tsoho ya fi daɗewa kafin ya murmure daga tiyata. Amma likitoci lafiyar mutum su ke dubawa kafin shekarunsa. Za su auna jini da fitsari, su ɗauki hoton ƙodojin, su ga ko jinin mutanen biyu ya dace. Mai ciwon sukari ko hawan jini mai tsanani, galibi ba a karɓa daga gare shi. Dattijo ma yana da wani fifiko: jikinsa ya riga ya nuna halinsa, saurayi kuwa ba a san cutar da ke jiransa a gaba ba. Wajibi ne ya gaya wa likita gaskiya, don ɓoye ciwo cutar mutum biyu ne.

Sa'an nan sai maganar kunya. Dangi su kan taru, a zuba wa mutum ido, ya amsa da baki alhali zuciyarsa ba ta yarda ba. Shi ya sa likita ya kan keɓe da shi ya tambaye shi, kuma yana da ikon fasawa har ranar aikin. Malaman fiƙihu da suka taru a Jidda cikin 1988 sun halatta bayarwa, muddin ba za ta halaka mai bayarwa ba, kuma ba ciniki. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ita ma ta hana sayarwa.

Wanda ya bayar, sai ya riƙa zuwa awo kowace shekara, ya rage gishiri, kada ya sha maganin ciwon jiki barkatai. Wanda likita ya hana, kada ya ji nauyi, don raka majiyyaci asibiti da riƙe masa iyali su ma zumunci ne.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.