Wa'adin da Na Ɗibar wa Ubangiji

A shekarar da na cika talatin da uku ƙanwata ta biyu ta yi aure a Kaduna. Ni na raba anko, ni na tsaya a kan girki, ni na gyara mata mayafi a ƙofar coci. Da aka taso daga Misa sai gwaggona ta riƙe hannuna, ta ce, “To 'yata, ke kuma yaushe za mu sha naki? Ƙannenki duk sun wuce ki.” Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta bi ni gida kamar ƙaya a tafin ƙafa.

A daren nan na yago takarda daga littafin da nake shirya wa ɗalibaina darasi, na rubuta: kafin Kirsimetin baɗi. Na naɗe ta, na tura ƙarƙashin ɗan mutum-mutumin Uwarmu Maryamu da ke kan teburina, na kunna kyandir, na fara nobena, addu'ar nan ta kwana tara. Na ce wa Allah duk wanda ya fara zo mini da maganar aure bayan na kammala, shi ne zaɓinsa. A lokacin ina ganin ƙarfin bangaskiya ne. Yau na san wa'adi na ɗibar wa Ubangiji, irin wanda ake ɗibar wa mutumin da ake bi bashi.

Ba a yi mako uku ba wani bawan Allah daga cikin mawaƙan cocinmu ya tsayar da ni bayan Misar safe. Mutum ne mai natsuwa, ma'aikacin gwamnati, wanda kowace Lahadi yake goyo mahaifiyarsa a babur ya kawo ta coci, ya riƙe ta har ta zauna. Ya ce ya fi shekara yana addu'a a kaina kafin ya yi magana. Ni kuwa ban cika wata ɗaya ba na amsa masa. Na ce a raina ga amsa ta zo, tambayar me kuma ta rage?

Tambayoyi da yawa sun rage, ni ce na ƙi yi. Idan wayata ta yi ƙara na ga sunansa, sai gabana ya faɗi. Nakan farka da tsakar dare ƙirjina a cushe. Idan yana ba ni labarin yarintarsa, hankalina yana kan launin anko da zauren biki da fuskar gwaggo ranar da za ta gan ni cikin farar riga. Duk lokacin da zuciyata ta ɗaga murya sai in ce mata shaiɗan ne yake so ya raba ni da albarkata.

Mu Katolika tun muna ajin katikisim ake koya mana cewa aure kira ne daga Allah, ɗaya daga cikin sakramenti bakwai, kamar yadda zama Fada kira ne. Saurayin da yake son zama Fada yakan shafe shekara takwas ko fiye a makarantar horo, ana duba shi yana duba kansa, kuma ana iya ce masa ya koma gida ko a shekarar ƙarshe. Ni alkawarin da mutuwa kaɗai ke warwarewa na ba shi mako huɗu.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta binciken da ake yi wa masu shirin aure. Fada ya ce ango ya jira a waje, ya zaunar da ni ni kaɗai a ofishinsa. Fanka tana juyawa a hankali, takardar tambayoyi tana gabansa, Littafi Mai Tsarki yana gefe. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, “'Yata, akwai wanda ya matsa miki? Da yardar ranki kike shiga auren nan?” Na ce, “Da yardata, Fada.” Ya yi shiru kaɗan, kamar mai ba ni hanya, sannan ya miƙo mini biro. Na sa hannu.

Ba don cika takarda ake wannan tambaya ba. A dokar Cocin Katolika, wadda aka sabunta a 1983, yardar mutanen biyu ita ce ke ƙulla aure, kuma babu wanda zai iya bayar da ita a madadinsu. Ango da amarya su ke miƙa wa juna sakramentin, Fada da shaidu biyu suna tsaye ne a matsayin shaidu. Ke nan a kan tushen ginin na yi ƙaryata. Babu wanda ya ɗaga mini sanda, gaskiya ne. Tsoron bakin mutane ne ya tura ni, na kuwa san haka sa'ad da nake sa hannun.

Aka biya sadaki, aka kawo akwatuna, muka yi gwajin jini. Aka karanta sanarwar aurenmu a coci Lahadin farko, Zumuntar Mata suka rangaɗa guɗa. Aka karanta ta biyu. A cikin makon nan ne muka je zaman ƙarshe na ajin masu shirin aure, inda matar katikis ta raba mana takardu, ta ce kowa ya rubuta abin da ya sa yake son ya tsufa da ɗan'uwansa. Shi ya cika shafi har ya juya baya. Ni na rubuta “yana da kirki”, biro ya tsaya. Da aka ce mu yi musaya, ya karanta kalmomin nan uku, ya juya takardar ko akwai saura, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu bai ce komai ba.

Washegari na tafi wurin wata tsohuwar Sista da ta koyar da ni a sakandare. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “In da babu gwaggo, babu Kirsimeti, babu ƙannen da suka riga ki, za ki auri mutumin nan?” Kuka ne ya ba ta amsa. Ta ba ni labarin Waliyyi Ignashiyus na Loyola, sojan Sifaniya da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya ya lura cewa wasu tunane-tunane suna faranta masa rai na ɗan lokaci su bar shi a bushe, wasu kuma suna barinsa da salama mai daɗewa. Daga baya ya shawarci masu neman nufin Allah kada su yanke babbar shawara sa'ad da zuciya take cikin duhu. Ni kuwa a daren da ya fi mini kowane dare baƙin ciki na yanke tawa. Sista ta ce kada in gyara gaggawa da gaggawa. In roƙi Fada ya dakatar da sanarwa ta uku, in yi mako biyu ina addu'a ba tare da na gindaya wa Allah sharaɗi ba.

Na yi hakan, na koma na furta wa Fada ƙaryar da na yi masa, sannan na nemi ganin mutumin. Ya bar ni na kai aya, ya ce, “Da kin faɗa mini tun farko, da na jira ki, ko in haƙura. Amma kin bari na kai mahaifiyata gidanku.” Ya ƙara da cewa, “Ashe ba ni kika gani ba, rana kika gani.” Ban sami abin cewa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Baffannina suka mayar da sadaki da akwatuna. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma mahaifiyata ta ji ta. Wata biyu ba ta zauna a sahun Zumunta ba. Shi kuma ya bar mawaƙa, ya koma wani coci, tsohuwar da yake goyowa ta rabu da kujerar da ta saba da ita. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ruwan da na ja ya fi dukan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Wasu sun yaba mini, wai na yi jarunta. Fasa auren daidai ne, ban yi nadamarsa ba. Laifina yana can baya: na ɗauki tsorona na sa masa sunan muryar Allah, na mayar da mutum mai zuciya da uwa da mutunci maganin kunyata. Sai bayan shekara guda na iya rubuta masa wasiƙar neman gafara wadda babu “amma” a cikinta. Watanni suka wuce kafin ya aiko da amsa ta layi biyu cewa ya yafe.

Labarin Louis Martin da Zélie ya taimake ni a shekarun da suka biyo. Dukansu sun so rayuwar keɓe kai ga Allah, dukansu aka mayar da su, shi saboda bai iya Latin ba. Ya kama sana'ar agogo, ita ta kama saƙar leshi a garin Alençon na Faransa, kowa yana aikinsa da ibadarsa. A 1858 suka haɗu, yana da shekara 34 tana da 26, bayan wata uku aka ɗaura aure. Cikin 'ya'yansu tara akwai Waliyya Tereza ta Lisieux, kuma a 2015 Fafaroma Francis ya ayyana Louis da Zélie waliyyai tare. Aurensu ya zo da sauri, amma ba daga firgici ya fito ba. Sun rayu da gaske a shekarun jiransu, ni kuwa na ɗauki nawa shekarun kamar zaman tasha.

Yau shekarata talatin da takwas, ban yi aure ba, kuma har yanzu ina so. Akwai daren da kaɗaici yake da nauyi. Sai dai addu'ata ta canza. Ina roƙon Allah ya sa in zama mai gaskiya, ya buɗe idona in ga mutum idan ya zo, ya ba ni haƙurin jira idan bai zo ba. Iyayenmu mata, ku sassauta tambayar nan ta ƙofar coci, tana kai 'ya'yanku inda ba ku zata ba. 'Yar'uwa, idan Fada ya cire tabarau ya tambaye ki, faɗa masa abin da ke ranki, ko da an riga an ɗinka anko. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Takardar wa'adin nan tana nan a cikin Littafi Mai Tsarki nawa. Na ja layi a kan kwanan watan, ban rubuta wani a madadinsa ba.