Yaba kyauta tukuici: iyalinmu da firamaren unguwarmu

Iyayena, yayyena da ƙannena na wannan ƙungiya.

Kun saba idan kuka ga rubutuna, ko dai sanarwar taro ce, ko ta rasuwa, ko tunin kuɗin wata ga waɗanda ake bi bashi. Aikin sakatare ke nan. Yau na nemi izinin shugaba in rubuta abin da ke raina tun da yara suka koma makaranta bayan dogon hutu. Magana ce ta godiya, amma akwai roƙo a cikinta, don haka ku daure ku karanta har ƙarshe.

Mu da muke zaune a Ibadan tare da iyalanmu muna cikin wata ni'ima da ba kasafai muke lissafa ta ba. Tun 1916 aka kafa Sabo a matsayin unguwar Hausawa, kuma fataucin goro da shanu ne ya kawo yawancin mutanen farko. Daga wancan lokaci har yau ba a daina zuwa ci-rani ba. Dukanmu mun san ɗan uwan da ya bar mata da yara a Arewa, yakan yi wata takwas ko goma bai ga ɗansa ba, sai dai murya a waya. A yi masa haihuwa yana nan, a yi suna yana nan, iyakarsa ya tura kuɗin rago. Ni kuwa Allah ya yi mini gata, kullum na dawo daga nema ina tarar da 'ya'yana huɗu da mahaifiyarsu. Ba wayona ba ne, kuma ban fi waɗancan 'yan uwa da komai ba.

Hutun da ya wuce ya ƙara nuna mini girman wannan gata. Mahaifiyata ta zo daga gida ta yi mana wata biyu, da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Bayan isha'i sai a shimfiɗa tabarma, ta zauna a tsakiya jikoki sun kewaye ta, tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. Su kuma suka ɗaura ɗamarar koya mata gaisuwar Yarbanci. Tana faɗa a karkace suna faɗuwa da dariya, ita ma tana dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Wata Asabar na kai su gidan namun dajin Jami'ar Ibadan, autanmu ya ga zaki ido da ido, ya ce ashe wanda Kaka take faɗa da gaske yana nan. A hanyar dawowa, muna cikin mota wajen Mokola, yaron nan mai shekara bakwai ya fara karanta allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi. Kakarsa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta dafa kansa tana sa masa albarka. Ban san abin da zan saya da kuɗi ya faranta mini rai kamar wannan ba. Alhamdulillahi.

Karatun da yaron ya yi a mota kuwa, a firamaren gwamnati ta unguwarmu ya samo shi, a hannun wata malama Bayarabiya da take tsayawa a kansa har sai ya gane. Wannan ne ya sa na fara sauraron hirar yaran da kunnen basira. Sai na lura cewa yawancin abin da suke kawowa kan tabarma labarin makaranta ne, domin a can suke wuni daga ƙarfe takwas na safe har bayan azahar, kwana biyar a mako. Akwai labarai masu daɗi, akwai kuma waɗanda ke hana uba barci. Ajin da kwanonsa ya yaye, da zarar hadari ya haɗu sai a kwashe yara a cusa su a ajin kusa, ranar karatu ya ƙare ke nan. Kun san damunar Ibadan ba irin ta gida ba ce, tun wajen Afrilu ake ruwa har Oktoba. Bencin da aka yi don mutum biyu, huɗu ne a kai, wasu kuma a ƙasa suke zama su ɗora littafi a gwiwa.

Abin da ya fi taɓa ni daga bakin mahaifiyarsu na ji shi. Ta ce 'yarmu ta aji biyar ba ta shan ruwa da safe, ko koko ba ta yarda ta sha da yawa, saboda ban-ɗakin makarantar ba shi da ƙofa kuma ba ruwa. Gara ta wuni da ƙishirwa da ta shiga wurin. Da aka bincika a tsakanin mata, ashe ba ita kaɗai ba ce. Akwai gidan da suka cire 'yarsu tun kafin ta gama aji shida saboda wannan dalili, yanzu tana talla. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan ɗakin namu ne, tunda 'ya'yanmu ne a ciki.

Malamanmu suna karantar da mu cewa godiya tana da gurbi a zuciya, da harshe, da kuma aiki. Ta zuciya da ta harshe muna yi daidai gwargwado. Ta aiki ce nake jin ana bin mu bashi. Idan Allah ya ba mutum 'ya'ya ya kuma bar shi tare da su yana jin daɗinsu, to tukuicin wannan kyauta shi ne ya kula da wurin da suke wuni.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa a wurin taro: gyaran makaranta aikin gwamnati ne. Gaskiya ne. A nan garin ne gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ta fara ba da ilimin firamare kyauta a 1955. A 1976 aka yi UPE ga ƙasa baki ɗaya, a 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, sannan dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro ɗan Nijeriya, ko a wace jiha yake zaune. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, ita kuma tana ba jihohi kuɗin gine-gine idan jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta. Hukumar SUBEB ta kowace jiha ce ke tsara inda za a yi aiki, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kuma shi ne na kusa da makarantu. Tsarin ilimi na ƙasa ma ya ce malami ɗaya ɗalibai 35 ya kamata ya riƙe a firamare.

Ke nan haƙƙinmu ne mu nema, amma nema yana da ƙofa. Makarantu suna da yawa, kuma wadda mutanenta suka rubuta takarda, suka bi sawu, suka nuna fuska, ita ake tunawa da ita. Kowace makarantar gwamnati ana so ta kasance da kwamitin da ake kira SBMC, wanda ya haɗa shugaban makaranta, wakilan malamai da na iyaye, mata, masu sana'a, shugabannin addini da na gargajiya. Ta hannun wannan kwamiti ake kai koke, kuma akwai tallafin gyara da UBEC ke bayarwa kai tsaye ta hannun irin waɗannan kwamitoci, inda al'umma ke kawo nata gudummawar. A makarantarmu kujerar wakilin Hausawa ta daɗe babu kowa a kanta. Ranar taron PTA ma maƙwabtanmu Yarbawa ne ke cika wurin, mu muna kasuwa. Wanda ba ya wurin da ake rabo bai kamata ya yi mamakin ƙaramin kaso ba.

Wasu kuma sukan ce mu baƙi ne, gida za mu koma, me zai sa mu zuba kuɗi a ginin garin wasu? Ina girmama wannan tunani, domin ni ma ina son garinmu kuma ina zuwa duk shekara. Sai dai mu duba maƙabartarmu, mu ga iyaye da kakanni nawa ne suka zo da niyyar shekara biyu, a nan aka binne su. Yaron da yake aji ɗaya yau, shekarunsa shida na firamare a nan zai yi su, ba za su jira ranar komawarmu ba. Mun gina masallatai a garin nan ba mu ce na baƙi ba ne, mun gina Islamiyyu da guminmu. Kuma ko mun tashi gobe, bencin da muka bari wani yaro zai zauna a kai, ladan yana bin mu inda muke. Masu hali da suka kai nasu 'ya'yan makarantar kuɗi, Allah ya ƙara buɗi, amma ku tuna ɗan mai dako da ɗan mai shayi da marayun unguwa wannan firamaren ce kaɗai gare su. Ɗa na kowa ne.

Ba daga sifili za mu fara ba, kuma dole in yaba wa waɗanda suka riga mu. Da izinin shugabar makarantar, kafintocinmu biyu sun ba da Asabar ɗinsu sun gyara bencinan da suka karye ba su karɓi ko sisi ba, sai kuɗin ƙusa da katako da wani dattijo ɗan canji ya biya, ya ce kada a ambaci sunansa. Matasanmu 'yan acaɓa sun yashe kwatar da ke bayan azuzuwa, wadda ke mayar da ruwa cikin harabar. Matan unguwa sun haɗa kuɗin adashi sun sayi bokitai da butoci da sabulu. Ranar da aka yi aikin, iyayen yara Yarbawa da suka gan mu sun shigo an yi tare, wata mai sayar da abinci ta aiko mana da ruwan sanyi. Shugabar makarantar ta ce a shekarunta a wurin ba ta taɓa ganin iyaye Hausawa da yawa haka a harabar ba. Na ji daɗin maganar, na kuma ji nauyinta.

Abin da ya rage ya fi ƙarfin mutum biyu ko uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shawarar da zan kawo gaban taro ita ce mu fara da ban-ɗaki: a sa ƙofofi, a raba na mata da na maza, a ajiye tankin ruwa, domin shi ne ke korar 'yan mata daga aji. Bayansa sai rufin ajin da ya yaye, a yi shi cikin rani kafin ruwa ya dawo. Sannan sababbin bencina, a fara da 'yan aji ɗaya da biyu. Manyan ayyuka kamar katanga, rijiyar burtsatse da sabon gini, waɗannan takarda za mu rubuta tare da kwamitin makaranta mu kai ofishin sakataren ilimi, mu riƙa bibiya cikin ladabi har Allah ya sa a dace. Kada mu taɓa ko bulo ɗaya ba tare da sanin hukumar makaranta ba, domin ginin gwamnati ne.

Maganar kuɗi kuwa, na san inda ake samun saɓani. Duk abin da aka bayar ta hannun ma'aji zai bi, da rasit, kuma zan karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane taro, kowa ya ji da kunnensa. Wanda ba shi da kuɗi yana da abin bayarwa. Birkila ya ba da yini ɗaya, mai walda ya haɗa ƙofa, mai fenti ya shafe allo, mai mota ya ɗauko yashi. Muna kuma neman mutum biyu, namiji da mace, masu jin Yarbanci ko Turanci, da za su zauna mana a kwamitin makarantar. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi sanin abin da yara ke ɓoye wa iyaye maza, don Allah kada ku bar mana wannan magana mu kaɗai.

Kafin ranar taro ina roƙon kowane uba abu ɗaya: ka raka ɗanka makaranta ko sau ɗaya, ka gaisa da malaminsa, ka leƙa ajinsa da ban-ɗakin da yake shiga. Gani ya kori ji. Za mu sa wannan batu a farkon ajandar taron wata mai zuwa, bayan sallar la'asar a inda muka saba haɗuwa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya mana su, ya saka wa malamansu da alheri. 'Yan uwanmu da ke nesa da iyalansu, Allah ya sada su cikin alheri. Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Naku,
Sakatare