Birkin da sai an taka sau biyu

A kan babbar hanya mai lamba 25, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Balleyara da Filinge ta nufi Tawa, akwai wata ɗabi'a da direbobin motocin kasuwa suka saba da ita har sun daina ganin aibinta. In za su tsaya a Sanam, tun daga nesa ƙafa ke fara aiki: a taka, a saki, a sake takawa, sannan mota ta yarda ta rage gudu. Ƙasar Kurfai kanta ta taimaka wajen rufa wa wannan cuta asiri, domin galibinta shimfiɗe take, yashi kuma shi ma birki ne. Sai dai ƙasar kiwo ce, kuma saniyar da ta fito daga bayan ƙaya ba ta jiran taku na biyu.

Asalin al'amarin ba shi da tsawo. Ƙafar direba ba ta taɓa taya. Mai take turawa cikin siraran bututai, shi ya kai ƙarfinta ga tayoyi huɗu. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Wannan ita ce ƙa'idar Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, wadda ɗalibai ke haddacewa da Faransanci don jarrabawa, alhali makanikin bakin tasha, da bai taɓa jin sunan mutumin ba, yana aiki da ita kullum da Hausa.

Gwanin makaniki ba ya fara da kwance ƙusa. Zama yake yi a mazaunin direba ya saurari abin da mataki zai faɗa wa ƙafarsa, don kowace cuta da irin faɗuwarta. In matakin ya yi laushi kamar soso, ya ɗan taurare bayan an bubbuga shi, iska ce ta shiga bututu. In ya yi nisa kafin ya kama, amma da ya kama ya tsaya cak, sai a duba takalman birkin baya, wataƙila sun cinye ko sun yi nesa da gangarsu. Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne na uku: a taka a riƙe, mataki ya yi ta sulalewa ƙasa sannu a hankali, a leƙa ƙarƙashin mota ba ɗigo ko ɗaya, mai kuma cike a kwalbarsa. Nan yoyon na ciki ne. Robar babban famfon birki ce ta gaji, mai na zagaye ta yana komawa inda ya fito. Sau da yawa akan yi ta fitar da iska yini guda a kan irin wannan mota, a ƙona kuɗin mai a banza. In kuwa mai yana raguwa, to akwai ƙofar da yake fita, kuma ƙurar hanya tana tona ta: duk inda ya jiƙa, a bayan taya ko a mahaɗar tiyo, sai ta manne ta yi baƙi.

Akwai kuma birkin da ke ɓacewa da rana tsaka ya dawo da yamma, har mai mota ya ce an yi masa sammu. Man birki yana shan danshin iska. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko wajen 140. Na DOT 4 daga 230 zuwa 155. Mota ta ɗauki buhunan gero da awaki da mutane a kai, ga zafin watan Afrilu, direba na jan birki, sai man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ɗan'uwan iska ne. Kwalbar da aka buɗe aka bari a bayan kujera tun damina ta riga ta lalace kafin a zuba ta.

Dabarun daji ba a raina su, don sun fitar da mutane daga inda babu mai taimako. Wani ya zuba ruwan sabulu, wani ya murƙushe bututun da ya fashe ya tafi da birkin tayoyi uku. Laifin shi ne dabarar awa guda ta zama gyaran shekara: ruwa yana tafasa a 100, yana kuma sa tsatsa. Man inji ya fi shi muni, don kumbura robobi yake yi gaba ɗaya.

Fitar da iska kuwa aikin mutum biyu ne, kuma da baki ake yin rabinsa. Yaro na kan kujera, maigida na kwance a ƙasa da sifana da gwangwani, a fara da tayar da ta fi nesa da famfo. “Buga.” “Na buga, maigida.” “Riƙe.” Ya sassauta ƙusa, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce a saki. In yaron ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, ko aka manta kwalba ta ƙafe, iskar da aka kora ta komo, sai a koma tayar farko.