Yini Guda Daga Karaye

Da aka aike mu Karaye koyon aikin malanta, sai muka yi shawara kada mu komo makaranta ba mu ga ƙasar ba, gama abin kunya ne malami ya riƙa koyar da labarin ƙasa alhali bai san bayan garin da yake zaune ba. Ranar hutu ɗaya tak gare mu. Muka shirya da safe mu ga madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, da azahar mu isa Rogo, kafin magariba mu komo.

Ashe lissafin takarda dabam, na hanya dabam. Da hantsi muka isa bakin ruwa, muka iske wani tsoho yana gyaran komarsa. Ya miƙa sanda ya nuna mana tsakiyar ruwa, ya ce, "Samari, can gonar ubana take, da kushewarsa." Muka zauna, yana lasafta mana unguwannin da ruwa ya ci, muna rubutawa, ba mu farga ba har la'asar ta yi.

Rogo kuwa sai wani jiƙon. Wanda zai bi sawunmu ya ware mata yini nata, ya yi sammako, balle da damina.