Masassaƙin Ƙofa Ya Zaɓi Inji

A garin Ƙofa, cikin ƙasar Kusada ta Jihar Katsina, akwai wani masassaƙi. Sana'arsa sassaƙar kangon ganga da na kalangu, da gyaran waɗanda suka tsage. Kayan aikinsa gatari ne da gizago da kurfi, duk gadon ubansa. Kalangu kuwa ba abin rainawa ba ne, don da shi aka riƙa yi wa Alhaji Mamman Shata kiɗa har ya rasu a 1999.

Da girma ya fara kama shi, sai rarake icen alilliba ya zame masa wahala. Ya sayar da akuyoyinsa biyu, ya ɗauki ɗansa, suka tafi kasuwar Sabon Gari a Kano neman kayan aiki na lantarki.

A wani kanti aka nuna musu zarton lantarki, da injin goge katako, da injin huda mai batir. Kuɗinsu kuwa na abu ɗaya ne tak. In sun yi zaɓen tumun dare, akuyoyi sun tafi a banza.

Yaron ya ce, "Baba, mu sayi zarton nan, ya fi ƙarfi."

Tsohon ya ce, "Yaro, bari mu yi tambaya uku. Wane aiki ya fi cin lokacinmu? In babu wuta, injin zai yi aiki? In ya lalace, akwai mai gyaransa a Kankiya?"

Suka duba, suka ga injin huda ne ya amsa duka ukun, sai suka saye shi. Da shi suke huda tsakiyar gungume wuri-wuri, rarakewa ta zo da sauƙi. Amma in an kusa gamawa, sai tsohon ya ajiye inji, ya ɗauki kurfi. Yana sara kaɗan-kaɗan, yana ƙwanƙwasa kango, yana saurare. In kango ya yi kauri da yawa, murya ta dushe. In ya cika siranta, ya tsage.

Haka ma masu gyaran piyano suke yi a ƙasashen Turai. Piyano wani babban abin kiɗa ne wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙago a Italiya wajen shekara ta 1700. Yana da madannai 88 da tsarkiyoyi fiye da 200. A cikinsa akwai wani faffaɗan allo marar kauri, shi ke ƙara wa tsarkiyoyin amo. Da inji suke yanka manyan katakai, amma aikin da ya shafi murya, hannu da kunne suke bar wa.

To, yara, kun ga ba ƙarfin inji ake dubawa ba, aikin da ke gaban mutum ake dubawa. Kowane allazi da nasa amanu.