Gurnanin Jita da Zafin Bazara

Maharbi in ya ɗauki garayarsa, ba zaƙin tsirkiya kaɗai yake nema ba. Akwai ɗan ƙarfe mai zobba da akan maƙala a wuyanta, yana karkarwa duk sa'ad da aka taɓa tsirkiya. In an cire shi, kiɗan ya zama miya ba daddawa. Saboda haka kunnen mutumin Ƙanƙara ko Faskari ya daɗe da sanin abin da Turawa suka yi tuntuɓe da shi a birnin Nashville na Amurka, inda na'ura ta lalace ana tsakiyar ɗaukar waƙa, muryar jita ta fito a dushe tana gurnani. Faifan ya fita a 1961, jama'a kuwa suka so shi haka nan. A 1962 kamfanin Gibson ya fitar da ɗan akwati, Maestro Fuzz-Tone, wanda makaɗi ke takawa da ƙafa don ya jawo gurnanin da gangan. A 1966 aka ƙera Fuzz Face a Ingila, wanda Jimi Hendrix ya ɗaukaka.

To, akwai wani saurayi a Sabuwa mai kaɗa jitar lantarki a gidajen biki. Da kaka ta yi, ya kai masararsa kasuwar Ɗandume ya sayar, ya ƙudura sai ya mallaki akwati irin na dā. A nan gizo ke saƙa. Akwatunan farko da wani ma'adini wai shi jamaniyam aka yi 'yan transistocinsu. Muryarsa da taushi, ba musu, amma ba ya jure zafi. A Ingila wannan ƙaramin aibi ne. Nan kuwa a watan Afrilu zafi kan kai awo 40, sai akwatin da ya yi daɗi da hantsi ya shaƙe kafin la'asar, ga amarya ta fito, ga 'yan rawa sun yi cirko-cirko. Wanda aka yi da silikon ya fi kaifi, har yakan soki kunne, amma bai kula da rana ba. Masana na can sun fi yabon jamaniyam, shi ya sa ya fi tsada, sai dai ba su taɓa wuni a rumfar biki da bazara ba.

Saurayin nan ya yi kwanaki yana saƙa da warwara, daga bisani ya aika Kano aka sayo masa na silikon. In kaifin ya yi yawa sai ya ɗan rage ƙara daga jikin jitar, muryar ta kwanta. Ragowar kuɗin kuwa taki ya saya da su.